Gyaran Murya a Ɗakin Awo

Rediyo da bakinsa yake ba da labarin ranar da ya koma gida da takalmi ƙafa ɗaya, kuma duk sanda zai bayar sai ya ƙara masa gishiri. Direba ne da yawan surutu ya jawo masa wannan suna, shi ke kawo wa wata masana'anta tulunan ruwan naitirojin, wanda ma'aikata ke kira ruwan sanyi kawai. Ran nan ya tarar an ɗauki sababbin 'yan mata biyu masu naɗe kaya, sai ya ga bai kamata su wuni ba su san akwai masani a wurin ba. Ya tuɓe silifas ɗinsa na dama, ya kama shi da filaya, ya tsoma a bokitin ruwan sanyi yana ta bayani kamar shi ya ƙirƙiro ruwan. Da ya fito da shi yana tururi, sai ya ɗan buga shi a ƙasa don su ji yadda ya yi tauri. Silifas ya tarwatse kamar kofin tangaran. 'Yan mata suka yi ta dariya har ɗaya ta durƙushe. Matar yayansa, wadda ke zaune gaban injinta a can gefe, ko juyowa ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Da harshenka ka tsoma, da yau mun huta."

Labarin nan nata ne, ko da yake Rediyo bai taɓa yarda akwai labarin da ba nasa ba.

A wurin aiki Mai-tsaga ake ce mata, shi kuwa Matar Yaya yake kiranta. 'Yar tela ce. A shagon babanta ta tashi, tsakanin alli da almakashi, tun tsawonta bai kai tebur ba take taka akwati tana yanka yadi. Tsohon bai taɓa barinta ta hau keke ba, ya ce masu ɗinki sun yi yawa a duniya, masu yanka a miƙe ne suka yi ƙaranci. Da idonsa ya mutu aka rufe shagon, ta shiga masana'antar a matsayin mai naɗe kaya. Ba a daɗe ba aka lura hannunta ba ya rawa, kuma tana iya zama wuri ɗaya daga safe har rana ba ta nemi abokin hira ba. Sai aka zaunar da ita gaban injin.

Abin da masana'antar ke yi tef ne, amma ba irin na manne takarda ba. Ƙarfe ne siriri, faɗinsa bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba, a naɗe a faifai kamar zaren kaset na da. A bayansa an shafa wani baƙin sinadari, shafin da bai kai kaurin gashi ba. In tef ɗin ya sha sanyi sosai, wutar lantarki na ratsa shi ba tare da wata tirjiya ba, ba ta zafafa shi, ba ta raguwa a hanya. Masana suna kiransa mai aiki a zafi, wai don kakanninsa sai an kai su sanyin da ya ninka wannan kafin su yi aiki. Rediyo ya ce duk wanda ya kira abin da ya cinye masa takalmi zafi, a taimaka a duba lafiyarsa.

Matsalar tef ɗin ɗaya ce. In wutar mai miƙewa gaba ce, lafiya lau. Amma in mai kai da komo ce irin ta gida, ƙarfin maganaɗisu yakan riƙa shiga cikinsa yana fita, kuma duk shiga da fita sai ya bar ɗan zafi. Zafin nan shi ne asara, don sai an ƙona wuta mai yawa kafin a sake sanyaya abin. Iya faɗin tef, iya asararsa. Maganin shi ne a tsaga baƙin shafin nan a tsaye, sili-sili, kowane sili ya kama gabansa. Aikin Mai-tsaga ke nan. Leza, wani siririn haske mai ƙuna, ke yankan, ita ke saita shi, sannan ta bi kowane tsagi da ido ta cikin madubi mai girmama abu. Wani lokaci ɓurɓushin da leza ya narkar yakan daskare a cikin tsagin, ya haɗa sili da maƙwabcinsa. Sunan wannan gada. In an samu gada, wuta takan tsallaka daga wannan sili zuwa wancan ta dawo, zafin da ake gudu ya sake tashi. Wannan tsallake-tsallaken kuwa, tun kafin Mai-tsaga ta zo, gulma ma'aikata ke ce masa.

Mai kama gulma a masana'antar shi ne yayan Rediyo, wanda kowa ke kira Mai-awo. Ɗakinsa na can ƙarshen baranda, ba taga, ƙofarsa mai kauri ce mai rufe kanta. A tsakiya akwai tulun ƙarfe da ya kai ƙugun mutum. A cikinsa ake rataya guntun tef, ruwan sanyi ya shanye shi, a ba shi wuta. Zafin da tef ya yi shi ke tafasa ruwan ya zama iska, iskar ta bi ta wani jan tiyo ta ratsa mita. Asara kaɗan, iska kaɗan. A sama akwai fanka mai zuƙe iska waje, kullum cikin gurnani, a bango kuma ƙararrawa mai girman sabulu, mai ihu in iskar shaƙa ta yi ƙaranci. Dalili kuwa, iskar naitirojin ba ta da wari ba ta da launi, amma tana korar iskar da ake shaƙa daga ɗaki. Mutum ba ya jin ana shaƙe shi. Daɗi ma yake ji, kamar barcin bayan cin abinci, sai ya nemi wuri ya kwanta. Saboda haka dokar ɗakin ɗaya ce: muddin da mutum a ciki, fanka ba ta mutuwa.

Yaya mutum ne da magana ke yi wa tsada. Rediyo yakan ce Yaya ya manta rabonsa na surutu a cikin mahaifiyarsu, shi da ya biyo baya ya kwashe duka biyun. Abin da Yaya ke da shi gyaran murya ne, kuma nasa daban yake: ɗaya gajere, sannan ɗaya dogo mai kauri a ƙarshe, kamar ana jan kujera a ɗakin maƙwabta. In ya yi shi sai kowa ya yi tsit yana jiran magana, sau da yawa kuma maganar ba ta zuwa. A wurin aiki in ya gama awo sai ya fito ya tsaya bayan Mai-tsaga, ya yi gyaran murya. In tef ya yi kyau, sai ya ajiye guntun a hannun damanta ya koma ɗakinsa. In bai yi ba, sai ya ce, "Akwai gulma." Rediyo ya rantse haka Yaya ya nemi aurenta: ya yi gyaran murya, ita kuma ta ce to.

Sun zauna lafiya, da 'yarsu ɗaya, a gidan da agogon bango ne ya fi kowa surutu in Rediyo bai kawo ziyara ba. Yarinyar ta girma ta zama malamar makaranta.

Ranar da Yaya ya rasu ranar hutu ce, da tsakar rana, sun gama cin abinci. Tana guga, shi yana zaune a kujerarsa a bayanta. Ya yi gyaran murya, gajere, sannan dogo.

"Ina jinka," ta ce. Ba ta juyo ba, don tana kan wuyan riga. Ta gama wuyan, ta gama hannu ɗaya. Da ta juyo, kansa ya karkata gefe, bakinsa a ɗan buɗe kamar wanda ya samo kalmar farko.

Bayan an share makoki ta koma bakin aiki. Ba a samu mai awo da wuri ba, sai Injiniya, mace mai haƙuri da ta daɗe tana aiki da su biyun, ta koya mata awon, ta riƙa haɗawa da tsagarta kafin a samu wani. Abin da ya biyo baya, daga baya ne ta faɗa wa Rediyo, guntu-guntu, kamar ana zare mata shi da filaya.

Wata safiya ta rataya wani guntu da tun a madubi ta yi zargin akwai gada a jikinsa. Ta rufe tulu, ta ba shi wuta. Allurar mita ta tashi, jan tiyon ya yi fari da ƙanƙara. Ta juya baya tana cire safar hannu. Sai daga bayanta, ƙarƙashin gurnanin fanka, aka yi gyaran murya. Gajere, sannan dogo.

"Ina jinka," ta ce, kafin ta tuna.

Ta juya. Tulu ne, da tiyo, da rigar aikin Yaya da har yanzu ke rataye a ƙusa, ba wanda ya yi ƙarfin halin sauke ta.

Da yamma ta tambayi Injiniya, kamar ba komai ba, ko tiyon yakan yi ƙara. Injiniya ta ce ƙwarai, in iska ta yi yawa ƙanƙara takan matse masa maƙogwaro, sai ya riƙa tari. Bayani ne mai kyau, kuma gaskiya ne. Mai-tsaga ta gyaɗa kai. Sai dai Injiniya ba ta yi rabin rayuwarta tana jin wannan tarin a bayanta ba.

Mai-tsaga ta lura da abu ɗaya: tef mai kyau ba ya sa tiyon ya yi motsi. Sai mai gada. Kuma a daidai lokacin ne aikin ke ƙara kyau. Injiniya ta kawo dabarar hura iska a bakin leza, ta riƙa share ɓurɓushi tun bai daskare ba. Silin suka ƙara siranta, gada ta yi wuyar samu, asara ta yi ƙasa, kowa na murna. Ɗakin awo kuwa sai ya yi shiru. Mai-tsaga ta ga da hannunta take rufe masa baki, kuma iya ƙwarewarta iya shirunsa.

Guntun nan na farko ba ta jefa shi a kwandon kayan da aka ƙi ba. Ta naɗe shi a hankici ta sa a aljihun teburinta. In an tashi cin abincin rana, baranda ta yi wayam, sai ta shiga ɗakin awo ta rataya shi. Da farko da fanka take yi. Amma fankar na danne sautin, sai wata rana ta kashe ta, na ɗan lokaci kaɗan. A nan ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Bayan gyaran muryar akwai jan numfashi, irin na wanda zai fara magana. In ta ƙara jira, sai numfashin ya ƙara matsowa. Kullum yana dab da faɗa sai ƙararrawa ta tsala ihu ta katse shi.

'Yar ce ta zo ta samu Rediyo a gida, yana wanke mota.

"A'a, malama da kanta! Me na yi? Wallahi na yi aikin gida, akuya ce ta cinye."

"Baffa, don Allah ka ajiye wasa, magana na zo mu yi."

Ya kalli fuskarta, ya ajiye soso.

"Umma ba ta cin abincin rana. Yadda na zuba mata haka take dawowa da shi. Kullum ciwon kai, leɓenta ya yi toka-toka. Ran nan na shigo na tarar tana goge rigar Abba, rigar da ta riga ta goge, ta juya wa kujerarsa baya."

"Kewa ce, uwata. Kowa da yadda take kama shi."

"Na tambaye ta me ke damunta. Ka san me ta ce? Ta ce in ƙyale ta, ya kusa faɗa."

"Wa?"

"Shi ne abin da nake so ka gano, Baffa. Ni ba a barina in shiga wurin. Na rasa ɗaya, ba zan zauna ina kallo ba."

Washegari Rediyo ya ja ƙafa da gangan, bai isa da kaya ba sai da aka tashi cin abinci. Rana na tsaka, ma'aikata duk sun fita, injin Mai-tsaga a lulluɓe, kwanon abincinta a kan tebur ko buɗe shi ba a yi ba. Ya bi baranda yana fito don ya ji motsin kansa. Bai kai rabi ba ya daina. Akwai abin da ya ɓace, sai da ya ɗan tsaya kafin ya gane ko mene ne. Tun da ya fara zuwa wurin nan bai taɓa bin barandar nan babu gurnanin fanka ba.

A kan bencin da ke bakin ƙofar ɗakin awo ya ga mayafinta a dunƙule. Ya ɗaga gefensa. Ƙararrawa ce a ciki, an ciro ta daga bango, 'yar koriyar fitilarta na ƙyaftawa cikin kwanciyar hankali, tana shaida cewa iskar baranda lafiyarta lau.

Ya tura ƙofa. Farin tururi ya kwanta a ƙasa har idon sawu, yana motsi a hankali kamar mai numfashi. Tana zaune a kan kujerar Yaya. Ba tulun take kallo ba. Bango take kallo, ta juya wa tulun baya, hannayenta a cinya.

"Matar Yaya, ashe nan kike cin abincin rana? Me aka dafa, ƙanƙara?"

"Saki ƙofar," ta ce, muryarta a sanyaye kamar ta mai magagin barci. "Ka rufe bakinka kuma."

Ya saki, don tun tana amarya bai taɓa iya yi mata musu ba. Ƙofa ta rufe kanta. Shiru ya sauko, irin wanda mutum ke jin bugun jininsa a kunne. Yana shirin cewa wani abu, aka yi gyaran murya.

Rediyo ya san tarin tiyo, kayan sanyi yake dako shekara da shekaru. Amma wannan sautin tun yana yaro ya san shi. Shi ne yake ji daga ɗaya gefen katifa in ya cika surutu, shi ne yake ji a bayansa ranar da ya fasa gilashin motar babansu. Gajere, sannan dogo mai kauri a ƙarshe. Sai ya tsinci kansa ya zare hannuwa daga aljihu ya miƙe sosai, yadda yake yi in Yaya ya shigo.

Sannan aka ja numfashi. Ba daga wajen tulun ya ji shi ba, kusa da kafaɗarsa ya ji shi, wajen da rigar ke rataye.

"Ka ji ko?" ta raɗa. "Saura kaɗan."

Abin mamaki, tsoron sai ya fara narkewa. Wani daɗi ya sauko masa daga ka zuwa gwiwa. Ya ga ai babu gaggawa. Shi ma yana so ya ji. Shekara nawa yana cika wa Yaya kunne, bai taɓa yin shiru ya ba shi fili ba, yau ga dama ta samu. Ya dubi ƙasa, ya ga tururin nan ya yi laushi kamar katifa, in ya ɗan zauna ba laifi.

Halinsa ne ya cece shi. Rediyo ba ya iya zama wuri bai yi tsokana ba, sai ya buɗe baki zai ce wa Yaya ya hanzarta, mota na rana. Harshe ya ƙi tashi. Abin da ya fito wani lagwab-lagwab ne kamar na jariri. Tun da aka haife shi harshensa bai taɓa ƙin aiki ba, ko a kujerar mai cire haƙori. Wannan ya fi muryar ba shi tsoro. Ya doki ƙofa da kafaɗa, ya mari makunnin fanka, ya kama bayan kujerar ya ja ta da mai zamanta har baranda. Iskar ɗakin na biyo su, ƙararrawa ta tsala ihu daga cikin mayafi.

Suka zube a ƙasa, baya a bango, suna haki. Da launin leɓenta ya fara dawowa, fushi ne ya fara zuwa.

"Wa ya aiko ka? Saura kaɗan fa!"

"Saura kaɗan ki bi shi," ya ce, yana lasar leɓe yana gwada harshen. "Ni ma saura kaɗan in raka ki, alhali ko sallama ban yi da iyalina ba."

Can ta ce, "Na ce masa ina jinka, ban juyo ba. Mutum bai cika magana ba, ranar da zai yi, wuyan riga na tsaya gogewa. Ba na son komai, Rediyo. In ji me zai ce kawai."

Rediyo ya juyo ya dube ta. Sannan ya ce, "Tsaya in tambaye ki. Duk zamanku a wurin nan, in ya fito daga ɗakin nan ya tsaya bayanki ya yi gyaran murya, in tef ya yi kyau me yake cewa?"

"Ba ya cewa komai. Ajiyewa yake yi ya tafi."

"In bai yi kyau ba fa?"

Ta dubi ƙofar ɗakin awo.

"Wane tef kike rataya masa kullum?"

Ta juyo ta kalle shi.

"To me kike jira ya ce, Matar Yaya? Bawan Allah kullum kina kawo masa aikin da bai yi ba, ki kashe masa fankar da bai taɓa bari ta mutu ba, ki cire masa ƙararrawa, ki zauna masa a kujera. Ni da ban san awo ba na san abin da ke bakinsa."

"Akwai gulma," ta ce a hankali, da irin muryar Yaya, har da kaurin ƙarshen. Dariya ta kuɓuce mata, ta yi ta yi, har ta juye ta zama wani abu daban, ta rufe fuska da tafin hannu. Da ta lafa ta ce, "Gyaran muryar da ya yi a gida fa? Na ranar nan?"

"Wannan kam ban sani ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Wataƙila ruwa yake so. Wataƙila cewa zai yi za ki ƙona masa wuyan riga. Amma ko mene ne, ba a cikin tulun nan ya ajiye shi ba. Ga 'yarki can tana ƙirga lomarki."

Ihun ƙararrawa ya jawo Injiniya da gudu. Mai-tsaga da bakinta ta faɗi abin da take yi, ba ta rage komai ba. Injiniya ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka kai su asibiti su biyun, ta ba Mai-tsaga hutu, ta sa aka ɗaure ƙararrawar a bango da kusoshi, ta kuma kafa sabuwar doka: ba mai shiga ɗakin awo shi kaɗai.

Da Rediyo ya sake kawo kaya bayan Mai-tsaga ta dawo aiki, tana jiransa. Ta ɗan yi kumatu.

"Zo nan, mai takalmi ɗaya. An ce sai da mutum na biyu. Ban samu mutum ba, amma kai ma za ka yi."

Ta warware hankicin, ta shimfiɗa guntun a ƙarƙashin madubi, ta ce ya leƙa. Ya ga baƙaƙen layuka a jere kamar kunyoyin gona, a tsakanin biyu daga ciki kuma wani ɗan ɗigo mai ƙyalli ya kwanta ya haɗa su.

"Wannan ɗan abin? Shi ya so ya kashe mu?"

"Shi ne."

Ta saita leza. Yatsanta ya tsaya a kan maɓalli, ya daɗe a wurin. Rediyo ya dubi rufin ɗaki kamar akwai abin karantawa a can. Sai ya ji ɗan ƙaran injin, tsit, kamar an kashe sauro. Da ta sake leƙawa, tsagin ya fita fes daga sama har ƙasa.

Suka shiga ɗakin awo, fanka na gurnani, ƙofa a tokare da bokiti. Ta rataya guntun, ta rufe tulu, ta ba shi wuta. Allurar mita ta ɗan motsa ta tsaya can ƙasa. Jan tiyon ko fari bai yi ba. Ta juya wa tulun baya, ta tsaya haka, kanta a sunkuye. Babu komai sai fanka.

Ta ɗago kai. Ta kashe wutar, ta fito da guntun ta riƙe shi a hannun dama. Sannan ta je ta sauke rigar Yaya daga ƙusa, ta kakkaɓe ta, ta ninke ta a kan hannunta. Ta kashe fitila.

Sun kai bakin ƙofa ke nan, tulu babu tef, wuta a kashe, tiyo a bushe, sai daga cikin duhun ɗakin, sarai a saman gurnanin fanka, aka yi gyaran murya. Gajere, sannan dogo.

Rediyo ya tsaya cak. "Matar Yaya," ya ce da 'yar siririyar murya, "kin ji abin da na ji?"

Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta ture bokitin da ƙafa, ta gyara riƙon rigar.

"Ni dai na gyara tef ɗina," ta ce. "In har yanzu yana jin gulma a ɗakin nan, to da kai yake. Wuce mu tafi."